Gyambon da ya ƙi warkewa: wa ya ce daji ba ya son ƙarfe?

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin mutanenmu, tun daga Tanut har Belbeji, daga Bakin Birji har Gangara, wai ciwon daji ba ya son ƙarfe. Wai da zarar wuƙar likita ko allura ta taɓa shi, to an tsokano shi ke nan, zai fusata ya watsu cikin jiki. Tsohuwa ta faɗa, mai maganin gargajiya ya faɗa, har wanda ya yi lakwal ma sai ka ji ya maimaita. Mu kuwa muna ganin wannan magana ta yi mana ɓarna mai yawa, musamman a kan dajin fata, wanda shi ne ciwon dajin da ido yake gani tun yana ɗan ƙarami, kuma wanda wuƙar likita take iya raba mutum da shi kwata-kwata idan an je da wuri.

Mu da sana'armu ita ce magana a rediyo, takardun neman taimako suna bi ta hannunmu kafin su kai kunnen jama'a, kuma bayanin da ke cikinsu kusan iri ɗaya ne: an daɗe ana fama, an yi na gida an gaji, an sayar da akuya, an sayar da gona, yanzu likita ya ce sai Yamai. Abin da ya fi ɗaga mana hankali shi ne shekarun masu ciwon. Wasunsu ba tsofaffi ba ne. Saurayi ne da bai daɗe da kafa teburinsa ba, ko mace mai goyo da ke tuya a bakin tasha. Mutanen da gida ya dogara a kansu ke nan, waɗanda idan sun kwanta sati biyu tukunya ta daina hawa murhu. Saboda su ne muka ga ya dace mu yi wannan magana da ku ƴan kasuwa, domin kuwa babu mai yini cikin rana kamar ku, in banda manomi da makiyayi.

Da farko mu kawar da wani ruɗu. Ana cewa dajin fata ciwon Turawa ne. Gaskiya ne baƙar fata tana da wani sinadari da Allah ya sa mata, wanda ake kira melanin, shi ne yake ba ta launinta kuma yake tare mata zafin hasken rana, saboda haka ciwon bai yi yawa a cikinmu kamar yadda ya yi a ƙasashen farar fata ba. Amma ƙaranci daban, babu daban. A wajenmu ciwon yana da ƙofofin da ya saba shigowa ta cikinsu, kuma duk wanda ya san ƙofofin nan ya samu rabin magani.

Babbar ƙofa ita ce ta ƴan uwanmu zabiyoyi. Zabiya mutum ne kamar kowa, sai dai jikinsa ba ya yin wannan sinadari da muka ambata, ko kuma yana yin kaɗan. Gado ne da ke zuwa ta wajen uba da uwa gaba ɗaya, ko da su biyun baƙaƙe ne wuluk. Idan dukkansu suna ɗauke da irin, to kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi zabiya. Saboda haka masu ɗora wa uwa laifi, ko masu cewa aljani ne ya shafe ta, su sani uban ma da nasa kason a ciki. An ƙiyasta cewa a Afirka ta kudu da Sahara ana samun zabiya 1 a cikin mutum 5,000 zuwa 15,000. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta bayyana cewa a wasu ƙasashe mafi yawan zabiyoyi dajin fata ne ke kashe su tsakanin shekara 30 da 40. Ku sake karanta shekarun nan. Lokacin da mutum ya fara tsayawa da ƙafarsa ke nan, ƴaƴansa ba su ma isa aike ba.

To ku auna wannan da ranar Damargu. Ƙasa ce ta fili da rairayi, itatuwa jefi-jefi, kuma rairayin kansa yana maido da haske sama, ya bugi mutum ta ƙasan haɓa ko da ya sa hula. A watannin bazara, daga Maris zuwa Mayu, wanda yake da baƙar fata ma neman inuwa yake, balle wanda ba shi da garkuwa ko kaɗan. Yaro zabiya da aka tura kiwo ko talla tun yana shekara 7, kafin ya kai 20 fatar wuyansa da kunnuwansa da leɓensa da bayan hannunsa ta riga ta sha wuya. Alamar farko ita ce wasu ƴan wurare masu kaushi, suna ɓamɓarewa suna dawowa. A wannan mataki likitan fata yana iya kashe su da wani ruwa mai tsananin sanyi cikin ƴan mintuna, ba yanka ba ɗinki. Idan aka bar su, wani daga cikinsu sai ya zama ƙurji mai tudun baki, ya riƙa zubar da jini da an ɗan taɓa shi, ya ƙi warkewa. Daga nan an shiga wani babi.

Ƙofa ta biyu ta fi shafar iyayenmu mata, ita ce tsohon gyambo da tabon ƙuna. Wace mai tuyar ƙosai ko awara ko fanke ce ba ta da tabon mai a hannu ko a ƙafa? Ƙaramin tabo ba shi ne abin tsoro ba. Wanda muke magana a kai shi ne babban tabon da ya daɗe, irin na yaron da ya faɗa wuta ko tafasasshen ruwa ya kwaro masa, wurin ya warke da ƙyar, fatar ta ɗaure tana tsagewa lokaci zuwa lokaci. Haka kuma gyambon ƙafa da ya shekara da shekaru yana warkewa yana dawowa. Irin waɗannan wurare suna iya rikiɗewa su zama daji, galibi bayan shekara 20 zuwa 30. Likitoci suna kiran abin da sunan wani likitan fiɗa na Faransa, Marjolin, wanda ya yi bayanin irin wannan gyambo tun 1828. Ku lissafa da kanku: yarinyar da ta ƙone tana shekara 5, tana da 30 ko 35 ne tabon zai iya tashi. Idan tsohon tabo ya buɗe haka kawai, ko gyambon da aka saba da shi ya canza kama, bakinsa ya yi tudu, nama ya tsiro a ciki, wari ya ƙaru, to ba na wankewa da ruwan gishiri ba ne kuma.

Ƙofa ta uku ita ce mafi sharri, kuma ba ruwanta da rana sosai. Wani baƙin ɗigo ne da ke fitowa a tafin ƙafa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce. Sunansa melanoma. Ba ya ciwo da farko, shi ya sa ake raina shi, a ce ƙaya ce ta karye a ciki, ko tuntuɓe ne, ko jini ne ya kwanta. A nan ne labarin Bob Marley, mawaƙin nan na Jamaika da samarinmu suke manna hotonsa a jikin babur, yake da amfani gare mu. A 1977 aka ga baƙin abu a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafarsa, aka fara ɗauka rauni ne na ƙwallo. Da likitoci suka duba suka ce daji ne, suka ba da shawarar a cire yatsan. Bai yarda ba. Aka cire farcen da naman ƙarƙashinsa kawai, aka ɗauko fata daga cinyarsa aka rufe wurin. Ya ci gaba da yawon waƙa a duniya. A watan Satumba na 1980 ya yanke jiki ya faɗi a birnin New York, aka tarar ciwon ya kai huhu da hanta da ƙwaƙwalwa. Ya rasu a Miami ranar 11 ga Mayu 1981, yana da shekara 36.

Mutumin nan ba kuɗi ya rasa ba, ba likitoci ya rasa ba. Ba mu ce da an cire yatsan lallai da ya rayu ba, rai a hannun Allah yake. Amma lissafin likitocin Amurka ya nuna cewa masu melanoma da aka gano tun bai bar inda ya tsiro ba, kimanin 99 cikin 100 suna nan da rai bayan shekara 5, alhali waɗanda ya riga ya watsu zuwa gaɓoɓi masu nisa, kusan kashi 1 cikin 3 ne kawai. Ciwo ɗaya ne, bambancin kawai lokacin da aka kai shi gaban likita.

To daga ina maganar ƙarfe ta samo asali? Mu ba mu ce waɗanda suka fara faɗinta maƙaryata ba ne. Abin da idonsu ya gani suka faɗa, fassarar ce ta karkace. Ga yadda abin yake faruwa. Mutum ya yi shekara biyu ko uku da gyambo, an shafa wannan, an ɗaura wancan, an yi turare, an sha jiƙo. Sai da ya kasa taka ƙafa, kaluluwa ta kumbura a matsematsinsa, sannan aka ɗauke shi zuwa Damagaram. Likita ya yi abin da zai iya, bayan wata huɗu mutumin ya rasu. Sai a dawo gida a ce ai da ma an faɗa, da aka sa masa ƙarfe ga abin da ya faru. Babu mai tuna shekara ukun da aka ɓata. Shi kuwa wanda ya je da wuri, aka yanke masa ɗan abu kamar ƙwayar gujiya aka ɗinke, ya koma kasuwarsa, ba wanda ya san daji ne aka cire masa, wataƙila shi kansa ba ya son a sani. Saboda haka labarin waɗanda suka mutu ne kaɗai ke yawo, na waɗanda suka warke yana rufe a ɗaki.

Akwai kuma inda maganar take da ƙamshin gaskiya, wato idan ƙarfen ba na likita ba ne. Wanzami ya tsaga, ko a yi sakiya, ko a yanke kan ƙurjin a bar gindinsa. Daji yana da saiwa a cikin fatar da ke kewaye da shi, wadda ido yake gani lafiya lau. Wanda ya sare kai ya bar saiwa, abin zai dawo, ga kuma ƙwayoyin cuta da suka samu hanyar shiga. Ba mu raina wanzamai ba, suna da aikinsu kuma al'umma ta san darajarsu, amma wannan ya fi ƙarfin aska. Haka masu fasa kafso su barbaɗa garin a gyambo, da masu zuba toka ko kanwa ko baƙin man mota. Wari zai iya raguwa kwana biyu, mai ciwo ya ce an dace, a sake ɓata wata uku. Ku masu tallan magani a kasuwa, in mutum ya dawo muku karo na biyu a kan gyambo ɗaya, ku ji tsoron Allah ku ce masa ya tafi asibiti. Ribar kafso goma ba ta kai ƙafar mutum ba.

Ƙa'idar da muke so kowa ya riƙe mai sauƙi ce: duk ƙurji ko miki da ya wuce wata ɗaya bai warke ba duk da ana kula da shi, da duk baƙin ɗigo a tafin ƙafa ko farce da ke girma ko canza kama, a nuna wa majo a CSI mafi kusa. In ya ga abin ya fi ƙarfinsa zai rubuta takarda zuwa asibitin gunduma, daga nan in ta kama a wuce babban asibitin ƙasa na Damagaram, wanda yake kusan kilomita 150 daga Tanut. Kada a jefar da takardar nan, ita ce ke gajarta layi da bayani. Abin da likita zai fara yi shi ne ya kashe wurin da allura, ya ɗebi ɗan yanki kaɗan, a sa cikin kwalba a aika ɗakin bincike, a duba da madubin likita. Wannan ɗiban ba ya watsa ciwo, kuma shi kaɗai ne ke tabbatar da ko daji ne ko ba shi ba ne, da kuma irinsa. Sakamakon yana iya ɗaukar makonni. Waɗanda suka bi ta wannan hanya suna cewa jiran nan ya fi yankan wuya, barci ba ya zuwa, abinci ba ya shiga. A nan ne da yawa suke sulalewa, su ce tun da ba a kira su ba ai lafiya ce. A'a. Ka bar lambar wayarka, ka karɓi ta wanda za ka tambaya, ka koma da ƙafarka ranar da aka sa maka.

Shi aikin kansa, idan abin ƙarami ne, bai kai yadda ake tsoronsa ba. Sau da yawa ba a ma sa mutum barci, wurin kawai ake kashewa, yana ji yana gani. Likita zai yanke ƙurjin tare da ɗan zagaye na lafiyayyar fata, kamar rabin santimita ga irin dajin da ya fi kama zabiyoyi, santimita 1 zuwa 2 ga melanoma gwargwadon zurfinsa. Kada mai ciwo ya ga ramin ya fi ƙurjin girma ya ce an yi masa ɓarna, saiwar ake bi. A ɗinke, bayan sati ɗaya ko biyu a cire zare. Abin da aka yanke shi ma ana sake aika shi bincike, don a tabbata ba a bar komai a gefe ba.

Idan wurin yana da faɗi har ba zai haɗu da ɗinki ba, sai a feɗo siririyar fata daga cinya a shimfiɗa a kai, cinyar kuma ta warke da kanta cikin kamar sati biyu. Idan ciwon ya kai kaluluwar wuya ko hammata ko matsematsi, sai an cire su. Idan ya ci ƙashi, a nan ne ake maganar yanke yatsa ko ƙafa, kuma a nan ne ake neman gashi da na'ura. Shekaru da yawa ƙasarmu ba ta da wannan na'ura, mai hali ya fita waje, talaka ya koma gida. A 2021 ne aka fara gashin a cibiyar ƙasa ta yaƙi da ciwon daji da ke Yamai, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Ci gaba ne babba. Amma daga Damagaram zuwa Yamai kimanin kilomita 900 ne, gashin kuma ba na yini ɗaya ba ne, makonni ake yi ana zuwa kusan kullum. Mutumin Tarka ko Tenhiya da ba shi da kowa a Yamai, ina zai sauka, me zai ci? Duk wannan wahala tana jiran wanda ya ƙi ɗinki biyar a farko.

Yanzu mu zo ga ranar da likita ya furta kalmar. Al'adarmu ita ce a kira wa ko miji gefe a gaya masa, a bar mai ciwon cikin duhu, wai kada hankalinsa ya tashi. Mun san tausayi ne ke sa haka, amma ba mu goyi baya ba. Mutum mai shekara 28 ko 35 ba yaro ba ne. Shi ne zai sa hannu a yi masa aiki, shi ne zai riƙa komawa awo, shi ne ya san bashin da ke kansa da wanda yake bi. Wanda ba a gaya masa gaskiya ba, da ɗinki ya warke zai ɗauka an gama, ba zai sake komawa ba. A gaya masa cikin hikima, a gaban wanda ya amince da shi, a bar shi ya yi kukansa in zai yi, namiji ne ko mace. Sannan a bar shi ya yi wa likita tambayoyinsa: wane iri ne, ya kai ina, me za a yanke, kwana nawa zan yi ban fita kasuwa ba? Wanda ba ya jin Faransanci ya nemi a yi masa bayani da Hausa ko da harshen da yake ji, haƙƙinsa ne. Addu'a kuma ba ta hana zuwa asibiti, ba mu taɓa jin malamin kirki ya ce a zaɓi ɗaya a bar ɗaya ba.

Bayan an sallamo mutum wata jarrabawar take farawa, kuma wannan karon a hannunmu take, mu maƙwabta da abokan ciniki. Budurwar da aka yi wa aiki a kunci ta dawo da tabo, sai ka ji dangin saurayi sun fara jan ƙafa. Matar aure an cire mata yatsa, sai kishiya da dangin miji su ware mata kwano. Mai sayar da abinci ta dawo da bandeji a hannu, masu saye su koma rumfar gaba. Jama'a, daji ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Ba a ɗaukarsa ta kwano, ko ta musabaha, ko ta shimfiɗa, ko ta nono. Wadda aka cire wa dajin fata da wuri tana aure, tana haihuwa, tana tsufa. In kuna son ku taimaki mai irin wannan lalura, ba sai kun tara mata jama'a ana ta sannu ba. Ku riƙe mata rumfarta kada wani ya gaje wurin, ƴar uwa ta zauna mata a kan kaya, mai ba ta kaya bashi ya ɗaga mata ƙafa wata ɗaya ko biyu. Wanda aka yi wa aiki a tafin ƙafa musamman, in ya koma tsayuwa da wuri saboda tsoron bashi, fatar da aka dasa tana iya ƙin kamawa, a koma gidan jiya.

Mun san abin da ke ranku tun ɗazu: kuɗi. Gaskiya ce, ba kowane jinkiri ne na jahilci ba, wani na babu ne. Ƙasar nan ta taɓa nuna cewa in ta ga dama tana iya sauke wa talaka nauyi. A 2006 aka mayar da maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, a 2007 aka ƙara da dajin mata, wato na mama da na mahaifa. A 2024 kuma hukumomi suka rage rabin kuɗin ganin likita da gwaje-gwaje a asibitocin gwamnati. To me zai hana a sa dajin fatar zabiyoyi cikin jerin na kyauta? Ba su da yawan da za su karya baitulmali, kuma yanke ƙaramin ƙurji a asibitin gunduma ya fi wa gwamnati kanta arha a kan gashin makonni a Yamai. Muna kuma roƙon a riƙa turo likitan fata zuwa Tanut da Belbeji ko da sau biyu ne a shekara, a sanar a rediyo tun da wuri, a daidaita da ranar kasuwa yadda mutanen ƙauye da na rugage za su jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Sanarwar kam mu muka ɗauki nauyinta.

Kafin gwamnati ta motsa, akwai abin da ke hannunmu. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991 kuma daga baya ƙasashe da dama suka kwaikwaya, ya nuna abin da ƙaramin zubi yake iya yi. Mata 30, kowacce ta ajiye dala 20 a sati a wani asusu na daban da ba a taɓa shi sai don ciwo, jika 3 ke nan a sati, jika 156 a shekara. Ba zai biya jinyar Yamai ba, amma zai kai mutum Damagaram da ɗan rakiyarsa, ya biya gwaji, tun abin yana ƙarami. Mu da muke iya tara kuɗin anko da na gudummawar biki cikin kwana uku, wannan ba zai gagare mu ba.

Ga zabiyoyi kuwa, rigakafin a bayyane yake, kuma mafi yawansa a kasuwarmu ake sayar da shi. Malafa mai faɗin baki da ke rufe kunne da ƙeya, riga mai dogon hannu ta yadi mai kauri, mai duhu ya fi fari shara-shara, da tabarau saboda idonsu ma rana tana cutar da shi. Rawanin da Buzayenmu suke naɗawa ya rufe wuya da fuska ba ado ba ne kawai. A kauce wa rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, kuma hazo ko gajimare ba sa tare hasken da ke ƙona fata. Man kaɗe yana laushin jiki amma ba ya kare rana, man kariya na musamman ake nema, mai lamba 50, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin talaka. A 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan mai cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba, saboda haka muna da hujjar tambayar ma'aikatar lafiya ranar da zai iso kantin maganin asibitocinmu. Ranar 13 ga Yuni ta kowace shekara, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa zabiyoyi tun 2015, bai kamata ta tsaya ga jawabai a Yamai ba. Su kuma sarakunan kasuwa da hukumomin komin masu raba wuraren zama, zabiya ya kamata ya fara samun rumfa mai inuwa. Iyaye su bar yaro zabiya a lakwal, a zaunar da shi a bencin gaba saboda raunin ganinsa, in sana'a ce a koya masa ta cikin ɗaki, ɗinki ko tsaron kanti, a bar wa ƴan uwansa kiwo da noma.

Akwai magana ɗaya da ba za ta yi wa wasu daɗi ba, ta man bilicin. Mun san yana tafiya a kasuwa, mun san wasu da ribarsa suke ciyar da gida. Amma aikin man nan shi ne ya kashe sinadarin da muka ce shi ne garkuwar baƙar fata, ya kuma sirantar da fatar har ɗinki ya riƙa wuyar kamawa. Likitocin fata a Dakar sun ba da rahoton matan da dajin fata ya kama bayan sun shekara da shekaru suna shafa shi, kuma ƙasar Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015. Wadda ta kankare fatarta sannan ta zauna cikin ranar Tanut tun safe har la'asar, ta san kasadar da ta ɗauka. Wadda aka rubuta wa aiki kuma ta gaya wa likita gaskiya in tana shafawa, ba don ya yi mata faɗa ba, don ya san irin fatar da zai ɗinka.

Wanda aka riga aka yi wa aiki, kada ya ce ya rabu da asibiti. A shekara biyun farko ne ciwon ya fi dawowa in zai dawo, shi ya sa likitoci suke sa a koma duk bayan wata 3 zuwa 6, daga baya a rage. Zabiyan da aka cire wa ɗaya yana iya samun wani sabo a wani wuri daban, wannan ba ya nufin aikin farko bai yi ba. Sau ɗaya a wata, bayan wanka, a duba tabon da kewayensa, a shafa wuya da hammata da matsematsi a ji ko akwai ƙullutu, a sa wani na gida ya duba baya da ƙeya da bayan kunne, a ɗaga ƙafa a kalli tafinta da tsakanin yatsu. Takardun asibiti kuma, musamman ta sakamakon bincike, a sa su cikin leda a ajiye inda ake ajiye takardar rumfa da katin ɗan ƙasa, domin duk likitan da za a je wa nan gaba, a Damagaram ne ko Yamai ko Kano, ita zai fara tambaya.